Littafi na Bakwai

Saura kwana biyu a karɓi takardu, Afiniki ba ta ga ko bangon littafi na bakwai ba.

Su goma sha biyu jami'a ta kawo Kafanchan daga Zariya a hutun shekarar 1977, duk ɗaliban tarihi. Mai jagorarsu ita ce Madam Hellen ta laburare, wadda ke koya musu yadda ake neman bayani da tantance shi. Ba ta da yawan magana, ga tabarau a bakin hanci, ga 'yar tafireta da take yawo da ita kamar goyo. Ranar farko ta raba musu jerin littattafai takwas a kan noman citta a ƙasar Jama'a, ta ce kowa ya nemo, ya karanta, ya rubuta abin da kowanne ya ƙunsa.

Wanda ya faɗi wannan kwas zai maimaita shekara, mai maimaita shekara kuwa ana janye masa sukolashif. Afiniki 'yar manomin citta ce daga Godogodo, ita ce mace ta farko a gidansu da ta taka jami'a. In aka janye, sai dai ta koma ta ɗauki fartanya.

Cikin mako guda ta gama da guda bakwai. Saura na bakwai a jerin, na wani Bature mai suna Ashcombe, bugun 1938. Ta birkice ɗakin karatu na gari. Ta je mishan. Ta je tashar jirgin ƙasa, inda akawu, Malam Romanus, ya buɗe mata wani tsohon kabad, kyankyasai suka watse, babu komai sai jadawalin jirage. A ƙarshe ta hau akori-kura zuwa Gidan Waya wurin Baba Dogara, tsohon mai bishara da aka ce babu Baturen da bai sani ba.

"Ashkom? Na san shi mana, ɗiyata. Dogo, da jan gemu," in ji tsohon.

"Littafinsa fa, Baba?"

Ya sosa kai. "Wataƙila gara ya cinye."

Ta dawo ƙafa duk laka, ta tarar da sauran suna ta hira a gindin mangwaro, hankali kwance. Martins, ɗan ajinsu mai bakin tsiya, ya miƙo mata wata takarda da ta sha hannu.

"Ke dai kina son wahala. Leonard na ajinmu ya gan shi a Zariya, kowa a wurinsa ya kwafa. Shafi na arba'in da ɗaya. Ki sa kawai, Madam ba zai duba ba."

Ta karɓa. Wa zai ƙi?

Da safen ranar miƙa aiki ta zauna ta fara kwafewa. Turanci ne mai daɗi, irin na masu jan gemu. Sai ta kai inda aka ce manoman Jama'a suna tonon citta a watan Yuli. Alƙalaminta ya tsaya. A Yuli citta ganye ce shar, noma ake yi. Ubanta ba ya tono sai ruwa ya ɗauke, ganyen ya bushe. Ko Baturen ya yi kuskure, ko Leonard ya kwafo ba daidai ba, ita kuwa ba ta da hanyar sanin wanne. Ta tuna ubanta zai iya cewa a karanta masa aikin, kunya ta kama ta.

Ta yage shafin. A madadinsa ta rubuta layi biyu: ta nemi littafin a wuri huɗu, ga sunayensu, ba ta same shi ba. Ta miƙa takardar tana jin kamar takardar sallamarta ce ta miƙa.

Washegari Madam Hellen ta shigo aji da takardun a hammata. Ta jera goma sha ɗaya a hannun dama. Guda ɗaya ta ajiye a hagu, ita kaɗai. Daga inda take zaune Afiniki ta gane rubutunta ne.

"Leonard, littafi na bakwai, ka riƙe shi da hannunka?"

"Ƙwarai, Madam. Bangonsa kore."

"Martins?"

"Kore ne, Madam. Ya ɗan yage ta baya."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce kore. Sannan ta ɗaga takardar hagu.

"Afiniki, tashi. Sati uku, kuma abin da kika kawo mini ke nan? Layi biyu?"

"E, Madam." Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa a baya.

Madam Hellen ta cire tabarau, ta goge shi da bakin zane, ba ta gaggawa. Ta dubi mutum goma sha ɗayan nan da suka shaida launin bango.

"Ita kaɗai ta ci. Babu Ashcombe, babu littafinsa. Ni na ƙago su a kan tafiretata, ranar da za mu baro Zariya."