Tawadar Ƙarfe da Tawadar Hayaƙi

Da guduma Kafinta ya ɓalle kwaɗon shagon, kwana tara da binne yayansa. Matar mamacin, wadda 'yan layin ke kira Mai Tawada, ta iso ta tarar yana watso kwalabe waje, baƙi na malala a bakin ƙofa kamar an yi yanka.

Ta sha gabansa. Ya ɗauke ta da mari, ya maka ta da bango. Da ta rungume ƙafar teburin mijinta, ya sa dunduniya ya take mata yatsu biyu har aka ji ƙararsu. Sai ya zaro takarda daga aljihu ya kaɗa mata a fuska.

"Karanta, matar yaya. Au, na manta, ke sai an karanta miki."

Wai yayansa ya ba shi shagon kyauta tun yana numfashi, kuma da hannunsa ya rubuta.

Shekara ashirin da uku tana cikin shagon nan, shi ne cinta da shanta ita da 'ya'yanta mata biyu. Mijin marubuci ne, da alƙalamin tsomawa yake rubuta wa mutane takardun shaida da na cinikin fili. Ita ke haɗa tawada, ita ke tacewa, ita ke ja da dillalan takarda har su rantse sun daina zuwa, gobe su dawo. Da idonsa ya fara hazo, wanke bakin alƙalami da cika kurtu ma suka dawo wuyanta.

Tawada biyu take haɗawa. Ta hayaƙi, baƙin fitila ce da ƙaro, tana da laushi a alƙalami amma a saman takarda kawai take kwanciya. Ta ƙarfe kuwa, ɓawon itace da tsatsar ƙusa, tana cin bakin alƙalami, tana shiga naman takarda, ko ruwa bai isa ya fitar da ita ba. Marigayi ya tsani ta hayaƙi, ya ce ta masu koyo ce. Sau ɗaya ta kuskure ta zuba masa ita, suna amarci. Tabon kurtun da ya jefe ta da shi yana nan a girarta.

Washegari da hantsi shugaban kasuwa ya tara dattawa a rumfarsa. Takarda ta zaga hannu hannu, kowa ya gyaɗa kai, rubutun marigayi ne, har lanƙwasar da yake yi a ƙarshen layi. Kafinta ya rantse cewa a kan idonsa aka rubuta ta, yana tsaye a bakin gadon jinya.

Mai Tawada ta miƙe, yatsunta ɗaure da tsumma. Ta ce ita ba ta san baƙi sosai ba, kowa shaida ne, amma hannu ana kwaikwayonsa. Ta tambaye su da wace tawada mijinta ke rubuta shaida. Aka amsa mata baki ɗaya, ta ƙarfe, wa bai sani ba.

"To ranka ya daɗe, a kawo ruwa a kwano. A ɗauko wadda ya rubuta maka ta rumfar nan, a tsoma su tare."

Kafinta ya yi dariya, shi da kansa ya tsoma tasa. Ta shugaba ta fito jiƙe sharkaf, kowane harafi na zaune daram. Tasa kuwa, baƙin ya tashi ya bi ruwa, ya ɗago farar takarda tana ɗiga.

Rabin mutanen da ke wurin da rubutun marigayi suke riƙe da gidajensu da gonakinsu. Wanda ya iya satar hannunsa yau, gobe kansu zai zo. Ba a jira hukunci ba. Wani mahauci ya fara shaƙo wuyan Kafinta, aka yi masa rubdugu da benci da itace, haƙora biyu suka faɗi cikin kwanon. Wani ya zare gudumar daga ƙugunsa, aka danne hannun damansa a kan dutse, aka sauke ta sau uku. Yana ihu yana kiran sunan yayansa, yana rantsuwa bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Ita ba ta tsaya kallo ba. Ta koma ta share gilasai, ta sa sabon kwaɗo bayan ta sa mai kwaɗon ya rage mata kashi ɗaya cikin uku, ta jera kwalabe da hannun hagu.

Sai da ta zo kan ta hayaƙi ta ɗan tsaya. Saura rabin kwalba, tun safiyar da ta shiga ɗakin jinya da ruwan zafi ta ji wa da ƙani suna ƙus-ƙus a kan shago, mijin ya ɗago idonsa da ba ya rabe baƙi da baƙi ya ce, "Ke, ciko min kurtu ki ba mu wuri." Daga wannan kwalbar ta ciko masa.