Wacce Ce Taka, Wendell?

Wendell Kowalczyk ya ɗaura bel, ya kama sitiyari, amma sai da ya duba da ido kafin ya tabbata yatsunsa sun riƙe shi.

Shekara talatin da ɗaya yana aiki a filin gwaji na wani kamfanin ƙera motoci, can bayan garin Detroit. Aikinsa ji ne. A ba shi mota ya zaga sau ɗaya, ya sauko ya ce tayar baya ta hagu iskarta ta ragu, a auna a tarar haka ne. Har tsokanarsa ake yi wai ɗuwawunsa sun fi na'urorin kamfanin faɗin gaskiya.

Abin da bai gaya wa kowa ba, ciwon suga ya shekara biyu yana cin jijiyoyinsa. Tafin ƙafa ya fara mutuwa, yatsun hannu suka bi, ƙwayar rage zafin da yake haɗiya ta dusashe ragowar. Ranar da aka gane, ranar za a karɓe makullan mota daga hannunsa, kuma tsoron wannan rana ya hana shi sukuni.

Rigimar bana a kan sabuwar mota ce mai ƙofa huɗu, mai gudun tsiya. Samfuri biyu aka haɗa: Wendell ya ɗaure sifirin tasa tamau, yana so kowace tsakuwa ta hau sitiyari ta gaisa da direba. Corinne Vandermolen, injiniyar da shi da kansa ya koya wa aikin, ta sassauta tata, ta ce ƙarfi ba sai da hayaniya ba.

"Wannan taki ai ba mota ba ce, kujerar falo ce aka sa wa taya," in ji shi a wajen taro.

"Gara kujerar falo da injin niƙa, dattijo," ta ce. "Yara mutum zai kai makaranta, ba haƙoransa zai je zubarwa ba."

Da musun ya ƙi ƙarewa, shugabansu Halloran ya ce a koma ga al'adar gidan. A lulluɓe jikin mota, a rufe agogunan gaba da ƙyalle, a manna harafi a ƙofa. Injin iri ɗaya ne, don haka kunne ba zai taimaki kowa ba. Direba ya tuƙa A, ya tuƙa B, ya faɗi wacce ce wacce. Wannan karon, in ji Halloran, Wendell kaɗai zai tuƙa.

Ga shi yanzu cikin A. Ya taka totur, ya shiga layin gargada inda aka fasa kwalta da gangan. A da, nan ne mota take tona masa asirinta. Yau sai ya ji kamar yana taɓa ta da safar hannu uku. Ya matse sitiyarin, ya roƙe ta a zuci ta ce masa wani abu, ko kaɗan ne. Ba ta ce komai ba.

Ya mayar da ita gareji, aka tura shi ofis ya cike takarda. Ya yi minti goma sha biyar yana kallon layukan, ya rubuta kalmomin da ba sa kama kowa. A bakin taga wata mata daga ofishin ma'aikata tana shan kofi, da fayil a cinyarta.

Da aka fito masa da B, ya tarar da kujera da madubai daidai tsayinsa, birki har ya ɗau ɗumi. Ya yaba wa makanikai a ransa. Wannan karon ya ƙara wuta, don ya rasa dabara. A kwana ta shida bayan motar ya ɗan zame, kansa ya bugi gilashi. Wannan kam ya ji shi. Ya riƙe wannan shaidar da hannu bibbiyu, tunda ba shi da wani abin riƙewa.

Ya sauko. Ya san caca yake yi, ko ya dace ko ya faɗi, amma ya gyara murya kamar yadda ya saba.

"B ce tawa. Tana da rai, tana magana. A kuwa, Corinne, ki kai wa kakarki ta riƙa zuwa coci."

Ba wanda ya yi dariya. Corinne, wadda ba ta taɓa barin baƙar magana ta kwana ba, ta tsaya tana kallon takalmanta.

"Wendell," ta ce a hankali, "ka tabbata? Ba abin kunya ba ne mutum ya ce bai ji bambanci ba."

Ya ɗauka tarko take ɗana masa. "Bambanci kamar sama da ƙasa! Ko gawa aka ɗora a kujerar nan za ta ji shi."

Halloran ya dubi matar mai fayil, ya ce Wendell ya same shi a ofis bayan abincin rana.

Wendell ya nufi gareji. So yake ya leƙa ƙarƙashin B da idonsa, ya san ko ya tsira. Ya danna maɓalli, ƙofar ƙarfe ta naɗe sama, ya duba dama, ya duba hagu.

Mota ɗaya ce tak a garejin, takardar B da ke ƙofarta ta ɗan ɗago a gefe, harafin A yana leƙowa daga ƙarƙashi.