Maɓalli Na Shida

Ranar Talata, goma sha huɗu ga wata, ƙarfe tara da minti ashirin na safe, nas ɗin da ke jinyar Malama ta ce, "Injiniya, maɓalli na shida fa ya mutu."

Shi ya rubuta shirin kwamfutar da hannunsa wata uku da suka wuce, lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Malama magana. Taga ɗaya ce a fuskar kwamfuta, da manyan maɓallai shida, kowanne da hotonsa: ruwa, banɗaki, nas, 'yarta, ƙanwarta, mijinta. In ta taɓa hoto da hannunta mai lafiya, ƙararrawa ta buga, wanda aka kira ya zo. Biyar suna aiki. Na mijin kuwa kwana goma sha tara bai yi ƙara ba. Kowa a gidan ya lura.

Injiniya ya ja kujera gefen gado, ya goge tabarau. Shekara talatin yana aikin nan, bai taɓa roƙon Allah ya sa shi ne ya yi kuskure ba sai ranar.

Ya bi umarnin da ya ɗaura wa maɓallin layi-layi, da yatsa. Babu harafin da ya kauce. Ya danna da kansa, ƙararrawa ta buga raɗau. Ya buɗe fayil ɗin da shirin ke rubuta kowane taɓi da lokacinsa. Ruwa ya cika shafi. Ƙanwa ta cika shafi. Na shida, a kwanakin nan, sau ɗaya tak, tara da minti arba'in da ɗaya, nasa na ɗazu.

Duk da haka ya ƙara wa maɓallin girma. Ya dawo da shi tsakiya, ya sauya masa launi. Yatsar Malama ta zo ta kewaye shi kamar mai kauce wa rami, ta sauka kan ruwa. Ya ba ta ruwan, ya share mata haɓa.

Da rana ƙanwarta ta shigo, ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Kai dai Injiniya, boko ya cinye ka. Wannan tsohon mai sanƙo da ke cikin maɓallin, wa zai kira shi? Ko ni ba na kira. Tunanin Yaya ya koma baya, jiya 'yar auta ta ɗauke ni, har da neman yi min kitso. Sa mata hoton ranar aurenta mana."

Ya je aljihun tebur na ƙasa, ya zaro hoton daga ƙarƙashin takardun asibiti, ya ɗauka da waya, ya saka.

Maɓallin ya fito fari fat. Ya rufe taga, ya sake buɗewa, fari. Ya nemi dalili, sai can ya tuna: shirin yakan zubar da duk hoton da ba a ba shi suna an adana ba. Layi ɗaya ya ƙara. Saurayi ya bayyana, siriri, da suma cike da kai, yana dariya.

Malama ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗaga hannu ta danna.

Ƙararrawa ta buga. Ta sake dannawa, ta sake, har sau goma sha ɗaya, rabin bakinta yana murmushi. Injiniya ya miƙe ya tsaya a gabanta. Ta sa hannun nan mai lafiya ta ture shi gefe a hankali, saboda ya tare mata ƙofa.

Nas ta ce za ta duba magani, ta fita. Ƙanwa ta rufe baki da mayafi, ta bi ta.

Waɗanda suka rage a ɗakin su uku ne: Malama, idonta a ƙofa, saurayin da ke dariya cikin maɓalli, da Injiniya a tsaye jikin bango, mijinta, wanda aka ɗauke shi hoton nan shekara arba'in da uku da suka wuce.