Kwamfutar da Baba Ke Kira Uwargida

Shekara shida rabonsa da gidan mahaifinsa, tun da ya tafi aiki ƙasar waje. An sare bishiyar ƙofar gida, an zuba wa layin kwalta, ƙanwarsa ta haifi biyu, ɗakin Mama ya koma ma'ajiyar tarkace tun bayan rasuwarta. Baba kuwa, wanda a da ba ya yini a gida, yanzu kullum yana kan kujerar roba a tsakar gida, ya zuba wa bango ido.

Shekara ashirin Baba ya yi yana bin ofis-ofis a wani kamfanin jigilar kaya, yana saka wa kowace kwamfuta manhaja da hannunsa. Har suna ya raɗa musu: Auta, Sarkin Nawa, Mai Tari. Tasa kuwa Uwargida, don a cikinta ya adana saƙonnin murya da Mama ta riƙa turo masa daga gadon asibiti, cikin wata tsohuwar manhaja da shi kaɗai ke buɗewa.

Sai kamfanin ya ba wasu 'yan ƙasar waje kwangila. Daga can suke turo manhajoji daga rumbu ɗaya, su sabunta, su goge duk wadda ba ta cikin jerinsu. Wata Litinin Baba ya kunna Uwargida, ya tarar an share ta tas. Wata bai zagayo ba aka sallame shi.

"Kwamfuta tamanin," in ji Baba, "wani ɗan banza ya lashe su da yatsa ɗaya."

"Tamanin da uku," in ji ɗan, yana kallon ƙasa.

"E, da uku." Baba ya zaro ambulan daga aljihu. "Kai ma ai harkar kwamfuta kake a can, ba za ka rasa hanyarsu ba. Ka kai wa wanda ya goge ɗin. Ba aiki nake roƙo ba. Muryar uwarku kawai zai dawo min da ita."

Ya karɓa da hannu biyu. Kwana uku bai iya haɗa ido da tsohon ba. Ran na huɗu ya matso da ranar tikitinsa na komawa, ya hau ninke kaya, ƙanwarsa na mita wai ko takalminsa bai huce ba.

Ya cusa ambulan a ƙasan jaka bai buɗe ba. Har yanzu yana tuna dariyar da ya yi, ran da ya nuna wa abokin aikinsa wata kwamfuta mai suna Uwargida a jerin waɗanda za su share, allon ya tambaye shi ko a ajiye kwafi, shi kuma ya danna a'a.