Malam Barau Yana Son Taka Ƙasa

Shekara tara ke nan jirgin ruwan su Malam Barau mai tafiya da iska yana tsaye daura da tsibirin. Tun da teku ta cinye garuruwan gaɓa, mutanen tsibiri suka ja igiya a kan ruwa, suka hana mutanen jirage sauka.

Ran nan da hantsi Kuluwa ta tuƙa kwalekwale zuwa igiyar, domin mahaifinta, Malam Barau, ya matsa mata. Ga bishiyoyin kwakwa nan kusa, har hayaƙin girki tana shaƙa.

"Yallaɓai, tsohona ne ba lafiya," ta ce wa mai gadin igiyar. "So yake ya taka ƙasa, ko sau ɗaya."

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Gawa kaɗai muke karɓa. Ita kam muna binne ta da mutunci, ƙarƙashin bishiya."

Da ta koma, tsohon ya tsare ta da tambaya har ta faɗa masa gaskiya. Ya daɗe yana kallon tsibirin.

"Ƙarƙashin bishiya ya ce?"

"I, Baba."

Ta ajiye masa gasasshen kifi da kofin ruwan sama. Ya ture su gefe a hankali. Washegari ma haka ya yi.