Fenaritin Nafi'u

Tun da kamfanonin caca suka saye ƙwallon ƙafa, sai wanda ya zuba kuɗi ke ganin raga. A gidan kallo kowa da tabaraunsa. In ba ka zuba ba, ƙwallo na dosar gola talla za ta rufe maka ido.

Malam Tanimu bai taɓa caca ba. Ya zo ne don ɗansa Nafi'u, da ƙungiyar garinsu ke gwadawa yau. In bai taɓuka komai ba, za a sallame shi.

Aka ba su fenariti, Nafi'u ya ajiye ƙwallo. Nan take wata budurwa mai murmushin haya ta cika tabaraun Malam: "Zai ci ko zai ɓarar? Zaɓa ka gani!"

"Baba, taɓa ɗaya mana," in ji Ɗanjummai mai gidan. "Ai ba caca ba ce, hasashe ne. Har lasisi gare su."

"Ban haife shi don wannan ba."

Sai ɗakin ya kaure da sowa, ana ta rungumar juna. Malam ya miƙe zumbur, har hularsa ta faɗi.

"Ya ci?"

"Ya ɓarar, Baba! Duk mun canka. Allah ya yi wa yaron nan albarka!"