Lungun Bayan Kicin

Dukan farko a kafaɗa ya sami Suhaibu, na biyu a baki. Ƙotar fartanya ce mai nauyi, Mudassiru kuwa bai rage ƙarfinsa ba. Suhaibu ya zube a bakin kanal, kwandonsa ya kife, tumatir ya yi ta gangarawa cikin ruwa.

"Me matata ta yi maka?" in ji Mudassiru. "Faɗa mini, me ta yi maka?"

Suhaibu ya buɗe baki zai yi magana, jini ya riga maganar fitowa.

Maƙwabta ne su biyun, a gida da gona, a wani ƙauye kusa da Kura. Tun bara da suka yi cacar baki kan wanda zai fara jan ruwa zuwa gonarsa, ko sallama ba ta haɗa su. Mudassiru mutum ne mai riƙo, in ya ƙi ka ya ƙi inuwarka. Ya hana matarsa Rauda hulɗa da gidan. Shi kuwa Suhaibu dama tun da ƙanensa ya rasu a wani shago a Kumbotso ya koma shiru-shiru.

Bana tumatir ya yi daraja. Rauda tana da ciki, hayaƙin itace yana sa ta tari har da hawaye, Mudassiru kuma yana son matar nan kamar ransa. Ya gina mata kicin na bulo, ya sa murhun gas, a samansa ya sa aka kafa na'urar zuƙe hayaƙi irin ta gidajen birni. Da an danna ta, fanka ta ja hayaƙi da tururin mai ta fitar ta bututu can saman rufi. Wutar lantarki kuwa sai ta ga dama, don haka ya sayo ƙaramin janareta. Ya ajiye shi a lungun da ya raba gidansa da na Suhaibu, ya ɗaure shi da sarƙa a ƙarfen 'yar tagar kicin saboda ɓarayi. Kullum da hantsi sai ya tayar mata da shi ya koma gona, ita kuma ta ja ƙofa ta rufe, don ƙudajen lokacin tumatir ba su da kunya.

Sai janareta ya tsiri mutuwa. Rauda tana tsaka da girki sai ta ji ɗif, dole ta buɗe ƙofa ta ƙarasa. Mudassiru ya duba mai, ya duba fulogi, lafiya ƙalau. Abin da ya gani kawai sawun takalmi ne a lungun.

Daga nan Rauda ta fara ciwon kai da jiri. Ranar da motocin kudu suka zo lodi, maza duk suna bakin titi, aka tsince ta a sume kusa da tukunya. Abin haushi, ranar ce janaretan ya yi aikinsa ba gardama. A asibiti aka ce laulayi ne. Mudassiru bai yarda ba, sawun nan ya tsaya masa a rai.

Suhaibu ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci. "Mudassiru, maganar injin nan naka..."

"Ƙararsa ta dame ka? Tashi ka bar unguwar."

Sa'a, matar Suhaibu, ita ma ta zo ta yi sallama wai tana son ganin Rauda. Daga zaure ya mayar da ita.

Jiya Mudassiru ya ƙi komawa gona, ya laɓe. Da idonsa ya ga Suhaibu ya shigo lungun yana waige-waige, ya kara fuskarsa a tagar kicin, tagar da matar wani take ciki, sannan ya sunkuya, injin ya mutu. Ko me yake watsawa ta tagar, Allah kaɗai ya sani. Mudassiru ya kwana zuciyarsa tana tafasa. Yau ya tayar da janareta kamar kullum, ya bi Suhaibu gona tun kafin ya juyo gida.

Nan a bakin kanal ɗin Mudassiru ya ƙara masa a haƙarƙari. Ya taka hannun da ya ga ya kashe injin da shi har ya ji ƙas. Suhaibu yana nuna wajen gari da ɗaya hannun, yana wani gurnani, Mudassiru ya ɗauka roƙo ne, ya ƙara masa. Da ƙyar masu tsinkar tumatir suka ɓamɓare shi.

Tun daga bakin unguwa Mudassiru ya jiyo janaretansa yana ruri lafiya lau. Daɗi ya kama shi. Yau dai babu mai taɓa masa kaya.

Ƙofar kicin a rufe. Ya tura. Fanka tana ta aiki, miya ta ƙone, warin fetur ya bugi hancinsa, kansa ya sara. Ɗan labulen tagar yana kaɗowa ciki, iskar lungun tana biyo shi. Rauda tana kwance a ƙasa, ludayi a hannunta.

Ya jawo ta tsakar gida yana salati yana ihu. Sa'a ce ta fara shigowa, ko mayafi babu. Ta dubi Rauda, ta ruga lungu ta kashe injin, ta dawo tana kuka.

"Fankar nan hayaƙin janareta take jawo mata ciki, Malam Mudassiru! Irinsa ne ya kashe mana ƙane a shago. Mun yi mun yi ka saurare mu, ka ƙi." Ta ɗago kan Rauda, sai idonta ya sauka a kan jinin da ke rigarsa. "Shi ya sa kullum maigidana yake baro gona ya zo ya kashe shi. Yau me ya tsare shi?"